Ƙarar da Baba Bai Ji Ba

Mahaifina direba ne tun kafin a haife ni. Tsohuwar Fijo gare shi, yana jigila tsakanin Ƙonni da Illela, ranar kasuwa kuma ya tsaya Badaguishiri ya ɗauko albasa. A tasha an san shi da kunne. Mota na shigowa zai ce, "Waccan bujinta guda ya mutu," wato fulogin da ke ba inji wuta, a buɗe a tarar haka ne.

A shekarar da nake ba da labari na riga na yi iyali, ina aiki a Malbaza, sai ƙarshen mako nake zuwa gida. Wata safiya na bi shi Badaguishiri. Muna wuce Tsarnawa na fara jin wata 'yar ƙara daga cikin inji, ƙyas-ƙyas-ƙyas, kamar ana ƙwanƙwasa kwano da cokali. In ya ba motar wuta ƙarar ta yi sauri, in ya sassauta ta lafa.

Na ce, "Baba, ba ka jin wanga abu?"

Bai juyo ba. Na ɗaga murya na sake faɗa.

Ya ce, "Mi?"

"Injin na ƙara."

Ya karkata kai wajen sitiyari, ya saurara da kyau, yadda na saba ganin yana yi tun ina ƙarami. Sannan ya yi dariya ya ce, "Lafiyarta lau. Kunnenka ne."

Na waiga baya. Fasinjoji duk sun sunkuyar da kai. Wata tsohuwa mai ƙwaryar nono a cinya ta dube ni ta girgiza kai a hankali, alamar in bar maganar.

Da muka dawo na lallashe shi muka biya garejin abokinsa, wani bakanike da suka yi ƙuruciya tare. Mutumin bai tambayi abin da ya kawo mu ba. Ya ɗaga kapo, murfin gaban motar, ya zaro sandar awon baƙin mai, da ƙyar bakinta ya jiƙe. Ya ƙara mai, ya ce a tayar. Ƙarar na nan. Ya ɗauko dogon sukudireba ya dafa bakinsa jikin injin, ya kara ƙotar a kunne, yana matsawa daga wuri zuwa wuri. Ya kwance buji ya duba, ya ɗaure. Ya buɗe murfin saman injin ya daidaita supap, waɗannan 'yan ƙofofin da ke buɗe wa mai da hayaƙi hanya. Da aka sake tayarwa ƙarar ta yi ƙasa, har na fara murna. Injin na ɗaukar zafi ta dawo, ta ma fi da nauyi.

Sai ya shiga ƙarƙashi ya tsiyaye man a cikin tasa, ya fito da ita rana. Garin ƙarfe ne ke ƙyalli a ciki. Ya ce ƙarafan da ke tallafe da babban sandan injin sun cinye.

Baba na zaune can kan benci yana alwala. Bakaniken ya ja ni gefe, ko da yake da a gabansa ya yi maganar ma ba zai ji ba.

Ya ce, "Ɗana, wagga ƙara tun kafin damina take. Duk tasha an ji ta."

Na ce, "To mi ya hana a gaya mishi?"

"Wa zai gaya wa Alhaji motarshi na ƙara shi bai ji ba? Ni kaina na ɗauko maganar na aje ya fi a ƙirga."

A nan abubuwa suka riƙa dawo mini. Rediyon da yake ƙure wa murya har maƙwabta na ji. Yadda Inna, mahaifiyata, ta koma yi masa magana tana tsaye a gabansa. Yadda ake gaishe shi da gajiya ya amsa da "Suna lafiya." Duk mun gani, kowa ya ce tsufa ne, aka yi shiru.

An sauke injin, aka yi saƙon kaya daga Sakkwato. Aikin ya ɗauki lokaci, kullum Baba na garejin yana kallo. Ranar da aka ɗaura aka tayar, injin ya yi luf, ba ƙyas ba ƙwas. Baba ya zo ya dafa tafin hannunsa kan ƙarfen ya daɗe. Sannan ya dube ni, a gaban mutane, ya ce, "Ta daina?"

Na ce, "Ta daina, Baba."

Ya dubi bakina, ba idona ba. Ya gyaɗa kai ya miƙo mini makulli ya ce in kai motar gida.

Na kai shi likita a Tawa. Aka sa masa wani abu a kunnuwa, aka ce ya ɗaga hannu duk lokacin da ya ji sauti. Ina kallonsa ta gilashi, hannunsa na kan gwiwa, yana jiran a fara, alhali tuni an fara. Likitan ya ce jijiyar ce ta mutu, ba ta dawowa. Mun sayo na'urar da ake maƙalawa a kunne, ya ce shewa kawai take yi masa a ka, ya cire ya ba Inna ta ajiye.

Motar kuwa, wani ɗan ƙanensa ke janta yanzu, kuma lafiya take tafiya. Baba ya ci gaba da zuwa tasha na ɗan lokaci, ya zauna cikin tsofaffin abokansa, su yi dariya, shi ya yi tasa bayan sun gama. Daga baya ya daina fita.

Yanzu in na je gida a zaure nake samunsa, fuskarsa na kallon bango. Masallaci na jikin gidanmu, amma sai Inna ta zo ta taɓa kafaɗarsa yake sanin an kira salla. Ina zama kusa da shi in yi ta ba shi labarin yara da na aiki da ƙarfi, har muryata ta dushe. Zuwan da na yi na ƙarshe ya dafa gwiwata tun ban yi nisa ba, ya ce, "Bari wahal da kanka. Zauna kawai."