Maiwar Iya a Saman Bene

Ina neman afuwa tun farko, domin abin ya daɗe, kuma mai yiwuwa na haɗa shekaru biyu wuri ɗaya. Abin da nake da yaƙini a kai shi ne wata safiyar Juma'a bayan Babbar Sallah, shekarar da na shiga aji uku, ina tsaye a saman benenmu na unguwar Waziriyya riƙe da tsofaffin safunan Baba, kakarmu Iya tana nuna mini yadda ake sa wa zangarniyar maiwa safa don kada tsuntsaye su cinye ta.

Iya ta zo aikin Hajji da ƙuruciyarta daga wani ƙauye a ƙasar Daura, ba ta kuma koma ba. A bakin zanenta ta ƙullo irin maiwar gidansu, kuma kowace shekara sai ta shuka shi a gwangwanayen madara, ta girbe ɗan abin da bai cika tafin hannu biyu ba, ta sake shukawa. Ba a taɓa cin ko ƙwaya ɗaya ba. Ruwan famfo gishiri gare shi, don haka aikinmu ni da yayata Safiya shi ne tara ruwan da ke ɗiga daga mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, mu hau da shi sama kafin mu tafi makaranta. Safiya takan yi mita da Larabci, ta ce, "Halas ya Sitti," wato ya isa haka Kaka, "ga burodi a kanti!" Iya ba ta waiwayowa sai an kira ta da Hausa.

A can sama take ba mu labarin Bani Isra'ila, kamar yadda ta ji a wajen tafsiri. Ta ce an rushe musu Baitul Muƙaddas, aka kora su Babila, suka zauna har aka haifi 'ya'ya da jikoki waɗanda harshen gida ya yi musu nauyi. Da Allah ya mayar da su sai suka tarar da kufai, Attaura kuma ta ɓace daga ƙirazansu, har Allah ya tayar da wani bawansa bayan shekara ɗari, ya karanta musu ita da ka, mutane suna kuka suna tuba. Daga baya a jami'a na ga ruwayoyin sun sha bamban, don haka ba zan rantse a kan tsarin ba. Amma ƙarshenta kullum ɗaya ne: "Komawa ba wuya, 'yan nan. Da me za ku koma?"

Da ta rasu, Mama ta zuba irin a kwalba, ta toshe bakin da kyandir, ta ajiye tare da sarƙoƙinta. Dukanmu mun ɗauka girmamawa ce. Haifaffun birni ne mu, mun san ana adana zinariya, ba wanda ya gaya mana iri mutuwa yake idan ya daɗe bai ga ƙasa ba.

Sai da na tafi karatu Najeriya na kai kwalbar ƙauyen. Ƙanen Iya, tsoho tukuf, ya zuba a tafinsa, ya daɗe yana kallo, ya ce rabonsu da wannan irin tun wata yunwa da ta sa suka cinye nasu. Da damina ta faɗi ya shuka da hannunsa a bayan gida, kowace safiya yana dogara sanda ya je ya duba. Babu abin da ya tsiro. Sai ya yi wa yayarsa addu'a.

Yanzu ina aiki a wani ofis a unguwar Bagdadiyya, a birnin da aka haife mu, 'ya'yana suna jin Hausa, suna ba ni amsa da Larabci. Idan na fara musu labarin Babila nakan tsaya a tsakiya, ina tsoron tambayar ƙarshen.

Ina da ɗan tunanin cewa Iya ta taɓa ɗibar wa wata maƙwabciyarmu 'yar Chadi irin, ko da yake Safiya ta ce ba a yi haka ba. Duk wanda ya zauna a benen nan, don Allah ya gyara mini inda na kuskure. Idan kuma akwai mai shuka shi har yau, ya taimaka ya sanar da ni kafin damina.