Agogon Inna ya tada mu tsaye

Jama'a, yau agogo ya kai ni Wurno ban shirya ba!

Kun san tun rasuwar Baba, Innarmu ke fama da ciwon damuwa. Asibiti sunka sa ta cikin wani bincike, sunka ɗaura mata agogon da ke auna barci, tahiya da bugun zuciya.

Da hantsi nas ɗin binciken ta kira ni. Ta ce, "Inna lahiya kuwa? Wata huɗu ba ta ƙetare ƙohwar gida ba, yau tun sahe tana ta tahiya ba tsayawa."

Na ce a raina ciwon ya tashi, Inna ta bi hanya. Na kira wayarta, kashe. Na hau mota daga Sakkwato.

Gida ba kowa. Wata makwabciya ta ce in duba gidan Gwaggo Asabe.

Ina shiga, sai ga Inna bisa tabarma, da sabuwar atamhwa, hannu ja da lalle, tana shan hura.

Na ce, "Inna, mi ya faru?"

Ta ce, "Mi kuwa? Jiya na hita takaba. Gida-gida nike bi ina godiya ga waɗanda sunka zo mani gaisuwa. Ke ɗiyar birni ba ki ƙirga kwanakin ba?"

Kunya ta kama ni. Na kira nas na gaya mata, ta yi ta hamdala.

Inna ta miƙo hannu ta amshi wayar. "Ɗiyata, gobe Goronyo za ni wurin dangin marigayi Malam. Ki gaya ma agogonku kada ya hirgita."