Maruƙan Ekip Ɗinmu

Jiya a kasuwar dabbobi kawuna ya cafke hannuna, ko gaisuwa ba mu gama ba. Wata da watanni yana dajin Azagor da shanu, babu rezon waya.

"Ɗana, ina labarin ekip ɗinmu na ƙwallo?"

Na ce, "Kawu, an fidda mu daga gasar Afirka, kup ma ya kuɓuce. Shampiyona, gasar lig ta gida, kaɗai ta rage."

"Yaran nan masu gudu, an saida su?"

"Suna nan."

Ya yi dariya. "To kukan mi kake? Shekarar fari manyan shanuna suka mutu, maruƙa suka rage. Su ne garkena yau."

Wallahi rigar ekip na sa yau. Masu yanke ƙauna, mi za ku ce ma kawu?