Dajin da Maigidana Ya Kashe a Takarda

Shekara ashirin da biyu ke nan maigidana yana aikin binciken daji. Farkon aurenmu da tef yake yawo yana auna kaurin bishiyoyi, ya dawo min da ƙaya a wando. Yanzu an ci gaba. Yana zaune gaban kwamfuta, tauraron ɗan'adam ya ɗauko hoton daji daga sama, shi kuma ya shafa launi: kore mai rai, ja matacce. Har tumbi ya ajiye.

Bara aka sa shi ya yi taswirar dazuzzukan da ofishinsu ke kula da su. Duk inda ya fito ja, za a ba masu katako izinin sarewa. Wani yanki ya fito jawur, ya sa hannu ya miƙa.

Wata ranar Asabar yana nuna min taswirar a falo, sai cika baki yake.

Na ce, "Baban yara, ba nan ne ka kai ni ina amarya, ka shanya ni a mota awa uku kana ƙirga gawo ba?"

"Nan ne. Duk sun mutu, ga shi kina gani."

"Yaushe aka ɗauki hoton?"

"Tsakiyar damina mana, lokacin da kowace bishiya..."

Sai ya ƙura wa taswirar ido. Gawo dai da damina yake zubar da ganye, sai da rani yake yin kore shar. Shi ya koya min haka da bakinsa. Ga shi Litinin za a fara sara.

A gabana ya kira shugabansu, babu kwana-kwana. "Ranka ya daɗe, ni na yi kuskure." Shugaba ya wanke shi tas, sannan ya ce ya kawo hujja. Lahadi ya wuni a dajin yana kankare ɓawo, yana ɗaukar hoton ɗanyen itacen da ke ƙarƙashi. Litinin da sassafe aka sa hannu a takardar dakatarwa, ya figi mota.

Ya tarar masu katako sun riga sun kayar da bishiya guda. Ɗari huɗu da goma sha ɗaya suka tsira, ni har na fara murna. Shi kuwa ya zauna gaban abinci ya kasa ci.

Ya ce, "Wadda suka sare ɗin, na san ta. Sau tara ina auna ta."

Wallahi ranar na ƙara son mutumin nan.