Layin da Baba Ya Ƙi Tsallakewa

Shekara shida ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Sani, manomi ɗan Wurma, kuma har yau ban san ko biyayyar da na yi masa daidai ce ba.

Ciwon ƙaba ne ya kwantar da shi bayan girbin gero. Daga Kurfi aka tura mu wani babban asibitin gwamnati. Likitan tiyata ɗaya ne, masu jira sun cika ɗaki. Ya ce sai mun yi mako uku. Sannan ya sassauta murya ya ce akwai ɓangaren masu biya, can jibi ma sai a yi aikin. Ban ga laifinsa ba, don ya ce da kuɗin wancan ɓangaren ake sayen man janaretan kowa da kowa.

Ina koyarwa a Dutsin-Ma, na riga na sayar da babur ɗina, kuɗin na aljihu. Na gaya wa Baba cikin murna. Sai ya dubi gadon kusa da shi, inda wani dattijo ɗan Tamawa ya riga mu kwanciya da kwana goma.

"Shi wannan fa?"

Na ce, "Baba, ba mu da na mutum biyu."

Ya ce, "In ka biya, likitan ƙaruwa zai yi? Ranar wani za a ɗauka a ba ni. Mayar da kuɗinka, Kabiru."

Na roƙe shi, Inna ta roƙe shi, ya ƙi. Kwana na goma sha ɗaya hanjin ya murɗe, kafin a shirya ɗakin tiyata rai ya yi halinsa. Dattijon kuwa an yi masa aiki, da ƙafarsa ya zo mana ta'aziyya.

Da Baba zai ga asibitin yau, zai tarar ɓangaren masu biya ya samu sabon gini, bencinan jira kuma sun ƙaru. Ban san me zai ce ba. Ban kuma san me zai ce da ni ba, don bara da matata ta kwanta, ban shawarci kowa ba, na biya. Ta warke, na gode Allah. In aka sake, zan sake biya.

Abin da ya rage mani na halinsa kaɗan ne. Ban gaji ƙarfin zuciyarsa ba, kunyar kawai na gada. Ranar da na tura matata a keken marasa lafiya muka wuce ta gaban masu jira, wata tsohuwa ta janye ƙafarta ta ba mu hanya, ta ce, "Allah ya ba ta lafiya, ɗana." Na kasa cewa amin.

Allah ya jiƙan Baba, mu kuma ya yafe mana.