Ranar da na ba kifin teku gaskiya a kan kada

Bari in fara da wautata tun kafin wani ya riga ni faɗi. Shekara goma sha ɗaya na yi ina biɗar kuɗi a Abijan, ina saida shayi da burodi, kuma ban taɓa taka bakin teku ba. Sau ɗaya na hango wani ruwa mai faɗi ta tagar mota, na runtse ido har munka sauka gada. Amma da na komo ƙauyenmu kusa da Tabotaki, sai na zama gwanin labarin teku. Nan ƙasar duwatsu ce, ruwanmu na rijiya ne, sai ƙorama mai gudu kwana biyu da damina. Wa zai ƙaryata ni? Wata huɗu na yi a lakwal, makarantar boko, anka koro ni, amma bakina ya ci gaba da karatu shi kaɗai.

Ina da wa guda ɗaya. Tun muna yara ƙwarya ɗaya muke shan fura da rana, ludayi ɗaya, ya sha ya miƙo mini. Mun yi aure, mun ga jikoki, ba mu bari ba. Gidanmu kuwa asalin Azna ne. An musulunta tun zamanin kakanni, Yaya ma ba ya rasa sahun gaba, amma abu ɗaya ya rage mana: kada shi ne kan gidanmu. Ba mu cin namansa, ba mu sa takalmin fatarsa, ba mu zaginsa. Kakarmu ta ce shi ya ƙetarar da kakanmu na fari wani gulbi a bisa bayansa. Wane gulbi, ita ma ba ta sani ba. Ni dai na zaga Adar duka ban ga inda kada zai jiƙa cikinsa ba.

Ran wata kasuwar Buza, bayan azahar, muna zaune rumfar mai shayi, sai ga taubashina, tsohon direban kamiyon, babbar motar kaya, riƙe da salula. Ya nuna mana wani bidiyo: kada cikin ruwa, ga wani ƙaton kifi mai baki cike da haƙora yana zagaya shi. Wani malamin lakwal da ke wurin, wanda muke kira mushe, ya ce sunan kifin rekan, shi ne dodon teku. Munka haɗa kawuna kamar kaji a kan tsaba. Kifi ya juyo, kada ya wangame baki, sai rezo, wato layin waya, ya ɗauke. Hoto ya tsaya cak.

Gardama ta tashi. Wasu sunka ce kada, don fatarsa ko mashi ba ya shiga. Wasu sunka ce kifi, don ya fi sauri. Taubashina ya ɗaga hannu.

"Ku dakata! Mi kuke wahala? Ga bawana nan, shi da teku sun ci tuwo tare. Kai tsohon banza, hukunta mana, wa ke kashe wani?"

Da na ce ban sani ba, da na kwana lafiya. Amma ido ashirin na kaina. Na gyara hula, na ce da idona na ga rekan, tsawonsa ya kai kamiyon, ya haɗiye jirgin ruwa da masunta biyu bai ko yi gyatsa ba. Anka yi salati. Daɗin salatin ya ɗebe ni, na ƙara da cewa, "Kada kuwa mi ne? Ƙadangare ne da ya samu ci."

Rumfa ta fashe da dariya, har mai shayi ya zubar da ruwan zafi. Sai a lokacin na tuna Yaya yana ƙarshen benci, ya zo sayen igiyar ɗaurin shanu. Ya miƙe. Ya ɗauki sandarsa da igiyarsa ya fita.

Washegari da rana matarsa ta kawo mini fura a ƴar ƙaramar ƙwarya, ni kaɗai. Ta aje, ta ce, "Yayanka ya ce mutumin teku ba ya haɗa ludayi da jikan ƙadangare." Na kurɓa kaɗan, na ture ta gefe. Haka ranar da ta biyo, haka wadda ta biyo ta.

Sai na yi dabara irin tawa. Na ce zan nemo hujjar da za ta ba kada nasara, in sake hukunci gaban mutane ba tare da na tona kaina ba. Na fara da mushe. Ya ce in ruwa mai zurfi ne kifi ke ci, don yana zuwa daga ƙasa da gudu ya yanki nama ya wuce, kada kuma dole ya fito shan iska. In kuma bakin gaɓa ne kada ke ci, don yana laɓewa, ya cafke, ya yi ta birgima har abu ya karye. Na ce to a ina za su yi faɗan? Ya ce wannan sai in tambaye su.

Na tahi asibitin mishan awon jini, na tambayi malamar da ke ɗaura mini abin awo a hannu. Ta ce ta ji rekan ba shi da ƙashi ko ɗaya a jikinsa, guringuntsi ne duka. Na yi murna, na ce ashe ragon banza ne. Ta ce a'a Baba, haƙoransa in sun zube wasu ke fitowa, har ya mutu. Na taɓa dasashina. Ta ƙara da cewa akwai ma kada mai shiga teku. To wannan na wane gida ne, namu ko nasu? Ta ce jinina ya hau, in rage tunani.

Liman kuwa cewa ya yi duka biyun halittar Allah ne, kuma mutum mai furfura irina ya kamata ya sami abin tambaya da ya fi wannan.

Kwana tara ina wannan yawo. Na fita da tambaya ɗaya na komo da goma. Kifi ba ƙashi, kada cikin teku, faɗa ba fili. Har na fara shakkar ko akwai tekun ma, tunda duk abin da ƙauyenmu ya sani game da shi daga bakina ya fito.

Rana ta goma na ɗauki ƴar ƙwaryata na shiga zauren Yaya. Yana zaune bisa tabarma, babbar ƙwarya gabansa, furar ko rabi bai sha ba. Na durƙusa, gwiwoyina suna ƙara.

"Yaya, na zo in faɗa maka wata magana. Ban taɓa ganin rekan ba."

Ya ci gaba da motsa furarsa. Na ƙara da cewa:

"Tekun ma ban taɓa gani ba. Rufe ido na yi."

"Na sani," in ji shi. "Kai da ko ƙorama ta kawo ruwa iya ƙwauri sai na riƙe maka hannu. Tun ranar da ka sauka mota na sani."

"Shekara talatin ka bar ni ina zuba?"

"Mutane na jin daɗi. Mi zan hana?"

Ya karɓi ƴar ƙwaryata ya juye cikin babbar, ya motsa da ludayi, ya sha, ya miƙo mini. Na karɓa. Na kai baki ke nan ya ce:

"Ni ma ban taɓa ganin kada ba. Amma kai, abu biyu ne ba ka gani ba, kuma ƙarya za ka yi ko ta ƙaƙa. Mi ya hana ka yi ma gidanku ita?"