Koren Haɗin Doña Nohemí

Duk wanda ya ce muku Doña Nohemí Zapata ta karanci ilimin fata, ku ce ya ji tsoron Allah. Abin da ta karanta kawai bayan kwalaben man shafawa ne, shi ma sai ta miƙe hannu har ƙarshe ta kanne ido ɗaya. Amma a duk gidajen kyamara na garin Bello, nan bakin birnin Medellín, da wuya mace ta zauna gaban fitila ba ta shafa abin da ya fito daga kicin ɗin matar nan ba.

Mu matan wannan sana'a, masu yi wa mazan ƙasashen nesa hira da rawa da sauran abin da ba a faɗa wa Fada a coci, fatarmu ce gonarmu. Fitilun ɗakin kuwa tanda ne. Ki shafa hodar bakin titi mai ƙyalƙyali ki zauna ƙarƙashinsu, kafin la'asar kin koma kamar wadda ta kwana a gidan tururuwa. Akwai wadda ta yi ta susa har masu kallo suka ɗauka sabuwar rawa ce suka riƙa yaba mata.

Nan Doña Nohemí ta samu abin yi. Da can gida-gida take bi da jakar jan baki, karnukan Bello duk sun san ɗanɗanon ƙafarta. Yanzu man kwakwa ne, alobera, fiya, yumɓu, duk ta zuba a injin markaɗen da take yi wa mijinta miya da shi. Ba turare, ba abin da zai ci fata. In an yabe ta sai ta taɓa kumatunta ta ce, "Ku dube ni dai. Fuska kamar arepa, wainar masararmu, da aka manta a kan wuta, wai ni ce mai sayar da kyau. Allah mai ban dariya ne."

Doka ɗaya gare ta. Ba abin da zai taɓa jikin mace sai ya yini a kan sanƙon mijinta, Don Efraín, direban tasi. Ta ce duk jihar Antioquia ba fata mai shagwaɓa kamar tsakiyar kan nan, ko ƙuda ya sauka sai wurin ya yi ja. In sanƙo ya wuni lafiya, haɗi ya ci jarrabawa. In ya fito da ƙuraje, a zubar, a sa wa bawan Allah ƙanƙara. Shi ya sa ba a taɓa ganinsa ba hula ba. Fasinjoji suna cewa motarsa ƙamshin kwakwa take, ba su san direban ne ba.

Wata ranar Juma'a sai ga Yurany ta shigo kicin ɗin. Yurany ta haura talatin, 'ya'yanta biyu, kuma a ƙauyensu can wajen Sonsón an san ta a matsayin mai amsa waya a kamfanin inshora. Ta zame wuyan rigarta ta nuna kafaɗa. Jan fure ne aka zana mata a fata tun tana budurwa, a ƙarƙashinsa an rubuta Gilma, sunan mahaifiyarta.

"Doña, na shiga uku," ta ce. "An toshe shafinmu na intanet a ƙasar nan kar 'yan gida su gan mu, na sani. To yanzu ɗan kawuna Wílmer ya koma Madrid can Turai, inda ba a toshe ba, shi da abokansa 'yan garinmu, gwauraye cike da ɗaki, kowa da waya a hannu. Fuska ina da gashin kanti da kwalliya, ni ma ban gane kaina. Amma furen nan duk Sonsón an san shi. In labari ya kai wa mamata, ciwon zuciyarta zai ƙarasa ta."

"Ki sa riga mai hannu mana, mija, 'yata."

"Doña. A aikinmu?"

"Ai kuwa, na yi maganar tsofaffi. Me kika shafa a kai ya yi haka?"

Hodar rufe zane ta saya a kasuwa, wurin ya kumbura ya yi jawur, furen ya ƙara girma kamar an ba shi taki. Yurany ta ce in ba a samu dabara ba zuwa Litinin, ta bar aikin, ta koma wankin kwanoni, yaran su fita daga makarantar da take alfahari da ita.

Doña Nohemí ta gyara zama. Kowace mai kwalliya ta san kore ke kashe ja. A shafa kore a ƙasa, a bi da hoda kalar fata a sama, ja ya ɓace. Ta kwaɓa koren yumɓu da alobera da wani abu da har yau ta ƙi faɗa mana, ta ce haɗin nan ko ruwan sama bai isa ya wanke shi ba. Saura gwaji.

A nan Don Efraín ya yi tawaye, karo na farko a tarihin aurensu.

"Nohemí, jibi Lahadi ni zan riƙe jikar ƙanwata a wajen baftisma. A coci ba a sa hula. Ki nemi wani kan."

"Wane kan? Duk mazan layin nan gashi gare su, marasa amfani."

"Ki gwada a gwiwarki."

"Gwiwata ko ruwan batir aka zuba mata ba ta sani ba. Haba tsohona, ɗan kaɗan ne fa, kamar girman kwabo."

"Haka kika ce ranar da na yini ina ƙyalli kamar motar amarya."

Ya ƙi. Ita kuwa ta dafa masa miyar sancocho ranar Asabar da rana, ta cika masa kwano har sau biyu, ta zauna tana jira. Mutumin da ya ci wannan miya ba ya gardama da kujera. Yana fara minshari ta lallaɓo da cokali. Girman kwabo ta yi niyya, amma ganin fili ya samu, hannu ya zarce, ta shafe sanƙon kaf.

Ya farka da kai kamar ɗanyen gwanda. Aka sa sabulu, aka sa lemon tsami, aka sa sabulun wankin kwano, kore ya ce yana nan daram. Ita tana gogewa tana murna a ciki, shi yana kiran sunayen waliyyai ɗaya bayan ɗaya. Da safen Lahadi ta bi kan da hoda kalar fata, ya fito sumul, har ya fi na da kyau.

Sai dai cocin ya cika, ga zafi, ga jaririya tana tsala ihu a hannunsa. Zufa ta karyo. Hodar sama ta fara gangarowa ta bayan kunne, kore ya leƙo daga tsakiya yana faɗaɗa. Fada ya ɗago zai yi addu'a, ya dubi kan, ya manta sunan yarinyar. Wata tsohuwa a baya ta ce wa ta kusa da ita, da ƙarfi don kurma ce, "Efraín ya fara tsiro."

Mai hankali da ya ga haka zai ce hodar sama ba ta jure zufa. Doña Nohemí ba wannan ta gani ba. Ana fitowa ta kama kan mijinta ta juya shi a rana, ta ce, "Ko ƙurji ɗaya babu! Ya ci jarrabawa!" Shi kuwa ya fizge kansa ya kifa hularsa.

Litinin da hantsi, lokacin da Turai ke tasowa daga aiki, ta je gidan kyamara da kwalbarta, ta shafe kafaɗar Yurany da kanta. Fure ya ɓace, Gilma ta ɓace, ba zafi ba ƙaiƙayi. Abin da ba wanda ya tuna ya gaya mata shi ne, a makon nan mai gidan ya rataya koren labule a bayan gadon kowane ɗaki. Kwamfuta tana cire duk abin da yake kore ta sa hoton bakin teku a wurin, don masu kallo su ɗauka muna hutawa a otal, ba a saman shagon gyaran babur ba.

Doña tana zaune a falo tana shan baƙin kofi sai Maryori, mai lura da kwamfutocin ɗakuna, ta ƙwalla kira. "Doña! Kafaɗar Yurany! Zo ki gani!"

Kofin ya faɗi. Ta tuna coci, ta tuna hodar da ke bin bayan kunne, sai yanzu hankalin ya iso, a makare kamar motar ƙauye. Ta ruga tana cewa, "Na kashe Gilma, na kashe matar da ban taɓa gani ba, ni da cokalina."

Ta leƙa kwamfutar Maryori. Hodar sama kam ta narke. Amma inda furen yake, rami ne zagayayye a kafaɗar Yurany, ta cikinsa ana hango teku shuɗi, da wani ƙaramin jirgin ruwa yana wucewa a hankali. Yurany ta ɗaga hannu, teku ya bi ta. Masu kallo suka haukace da rubutu. Wani ya ce fatalwa ce, wani ya ce shi likita ne bai taɓa ganin irin wannan ba, wani ya roƙa ta matsa hagu kaɗan ya ga inda jirgin zai tsaya.

Yurany ta hango kanta a fuskar kwamfuta, ta kashe kyamara, ta fito a guje naɗe da tawul.

"An gani? Doña, ki faɗa mini gaskiya, an ga sunan mamata?"

"Ba a gani ba, mija."

"To me aka gani?"

"Jirgin ruwa."

Yurany ta zame ta zauna a ƙasa, ta yi kuka, kukan ya juye dariya, har gashin kantin ya karkace. Doña Nohemí ta zauna kusa da ita tana fifita da hannu. "Ki gaya wa kowa da gangan na yi," ta ce. "In kika ce kuskure ne, zan ce ƙarya kike."

Yurany ba ta ƙara sa hodar sama ba. Koren kawai take shafawa ta shiga, ana kiranta mai taga a kafaɗa, kuma in Wílmer da gwaurayensa sun taɓa faɗowa ɗakinta, teku suka kalla suka wuce. Da Kirsimeti ta goge shi da man kwakwa, wanda ashe shi ne maganinsa, ta je Sonsón da furenta a waje, Doña Gilma ta shafa shi tana tambayar yadda kamfanin inshora yake.

Don Efraín kuwa ba wanda ya gaya masa zancen man kwakwa sai da ya kusa wata guda a haka. Matarsa ta ce tana so ta ga iya inda haɗin zai kai.